Ƙaramar Madatsar Ƙasa: Yadda Ake Gina Ta da Yadda Ake Tsare Ta

Gabashin Sakkwato ƙasa biyu ce a haɗe. Akwai fadamar Gulbin Rima, inda mutanen Wurno da Goronyo ke noman shinkafa da albasa da tafarnuwa, da fadamar Gulbin Sakkwato wanda ya biyo ta Rabah. Sai kuma tudu, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake sauka. Ya zubo, ya bi ƙoramu da kwazazzabai, ya tafi. Kafin bazara ta kankama, rijiyoyi sun ja baya, shanu sun koma bin gulbi, yara na sammako da jarkoki. Ƙauyen da ke kan tudu yana ganin ruwan da zai ishe shi shekara yana wucewa ta bayan gari cikin dare ɗaya na marka. Tare wani kaso na wannan ruwa shi ne aikin ƙaramar madatsa.

Mutanen wannan yanki sun san dam, kuma sun san fushinsa. Madatsar Goronyo, wadda aka gama a 1984, tsayinta mita 21, tsawonta ya kai kilomita 12 da rabi, tana iya ɗaukar ruwa sama da kubik mita miliyan 900, kuma Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da ita. A Satumbar 2010 ruwa ya fi ƙarfinta, ya mamaye ƙauyukan kwarin Rima, ya kai har Sakkwato ya yanke hanyar zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A 2018 kuma labarin ya juya, ruwan ya ja baya har ya rage kimanin kashi goma cikin ɗari. Madatsar Lugu, wadda noman ranin Wurno ya dogara da ita, ita ma ambaliya ta taɓa karya ta, manoma suka sha wahalar rashinta. Wadda nake magana a kanta a nan ƙanwarsu ce ta nesa: tudun ƙasa mai tsayin mita uku zuwa biyar, wanda ƙauye ko ƙaramar hukuma ko ƙungiyar manoma za su iya ginawa su kuma riƙe. Amma abin da ke karya babba shi ke karya ƙarama. Ko dai ruwa ya haura ta kai, ko ya huda ta ciki. Duk abin da ke tafe a kan toshe waɗannan ƙofofi biyu yake.

A fara da lissafi kafin a taɓa shebur. Kubik mita ɗaya lita 1,000 ce, wato jarka 40 mai cin lita 25. Ƙauye mai mutum dubu, in kowa ya samu lita 20 a rana, zai sha kubik mita 4,800 cikin wata takwas na rani. Shanu 300, kowace tana shan kimanin lita 35, za su ƙara 2,500. Ga alama ba wani abu mai yawa ba ne. Sai dai babban mai shan ruwan madatsa a ƙasar Sakkwato rana ce da iskar hunturu, domin daga kaka zuwa faɗuwar damina suna iya ɗauke mita ɗaya da rabi ko fiye daga saman ruwa. Tafkin madatsa kuwa faɗi gare shi a sama, tsukakke a ƙasa. In zurfinsa mita huɗu ne, mita ɗaya da rabi na sama su ke ɗauke da kusan kashi uku cikin huɗu na ruwan gaba ɗaya. Shi ya sa madatsa mai faɗi marar zurfi kan burge ido a Oktoba, a Fabrairu ta zama filin tsagaggiyar laka. Zurfi ake nema. Ana kimanta abin da wuri zai riƙe ta hanyar ninka tsawon bangon da nisan da ruwa zai koma baya, a ninka da zurfi, a raba gida shida: bango mai mita 100, ruwa ya koma baya mita 300, zurfi mita huɗu, zai ba da kubik mita 20,000.

Kuskuren da aka fi yi wajen zaɓen wuri shi ne kwaɗayin babbar ƙorama. Fili mai murabba'in kilomita ɗaya, in ya samu ruwa milimita 600 kuma kashi goma cikin ɗari kaɗai ya gangaro, ya tara kubik mita 60,000, ninki uku na abin da waccan madatsa za ta riƙe. Ke nan ƙaramar ƙorama ta isa. Babba kuwa abin da za ta ƙaro maka ambaliya ce da yashi. A nemi inda kwari ya tsuke tsakanin tudu biyu, bayansa kuma ya buɗe, kuma a gefe akwai wata ƙasa mai tauri da za a yanka wa rarar ruwa hanya. Sannan a tsaya a wurin a dubi gangare: gidan wa ke ƙasa, gonar wa, wace makaranta, wace hanyar kasuwa? In akwai gidajen kwana kai tsaye a bakin hanyar da ruwa zai bi, ni dai shawarata a bar wurin, komai kyawunsa. A Solai ta ƙasar Kenya, a watan Mayun 2018, madatsar ƙasa ta wata gona ce ta karye da dare ta kashe mutum fiye da arba'in da ke zaune a ƙarƙashinta.

Ƙasar wannan yanki tana da nata halin, kuma masana duwatsu sun daɗe da saninta, har sun raɗa wa shimfiɗunta sunayen garuruwanmu: Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina. Shimfiɗar Taloka da ta Wurno yawanci lallausan yashi ne, mai tsotse ruwa. Ta Dukamaje laka ce, amma da jibsin a cikinta, shi kuwa yana narkewa a hankali in ruwa ya daɗe a kansa. Ta Kalambaina farar ƙasa ce irin wadda ake siminti da ita, mai ramuka da tsaguwa. Don haka tafiyar rabin sa'a na iya raba wurin da zai riƙe ruwa da wurin da zai shanye shi. A haƙa ramukan gwaji, mita biyu zuwa uku, a kan layin bangon da cikin tafkin. A tambayi maginan tukwane da masu haƙar rijiya da masu yin tubali, domin sun san inda yumɓu yake tun kafin a zo da taswira.

Gwajin hannu ba shi da wuya. A jiƙa ƙasar, a murza ta tsakanin tafukan hannu ta yi kaurin fensir. In ta miƙe ta lanƙwasu ba ta karye ba, akwai yumɓu isasshe. In ta wargaje, yashi ya yi yawa. Abin da ake so gauraye ne, yumɓu kamar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari, sauran yashi da ɗan tsakuwa. Baƙar lakar fadama zalla, mai tsagewa da rani har hannu ya shiga, ba ta yin bango ita kaɗai, domin ruwan farko ta cikin tsagar zai bi. A kuma jefa busasshen ɗan curi cikin kofin ruwan sama a bar shi ba motsi. In ruwan da ke kewaye da shi ya yi fari-fari kamar an ɗiga nono, wannan ƙasa mai narkewa ce, kada ta shiga aikin. Haka ma ƙasar suri, da ƙasar sama mai saiwoyi da taki.

Lokacin gini bayan kaka ne, sa'ad da ƙasa ke da sauran danshi kuma akwai ruwan yayyafi a kusa. A share layin bangon, a kwashe ƙasar sama da kututture. Sai a haƙa rami a tsakiya daga wannan tudu zuwa wancan, a ratsa yashi har a taras da ƙasa mai tauri, a ƙara shiga cikinta aƙalla rabin mita. A cike shi da mafi kyawun yumɓun da aka samu. Wannan rami ba mai ganinsa bayan an gama, shi ya sa ɗan kwangila marar tsoron Allah ke fara cin amana a nan. Dole wakilan gari su tsaya a kansa da idonsu kafin a rufe.

Daga nan sai tayar da bango, kuma a nan ne haƙuri ke aiki. Wanda ya taɓa ganin mata na daɓen ɗaki ya riga ya san sirrin: a zuba kaɗan, a yayyafa ruwa, a buga har ta daina amsawa, sannan a ƙara. Kowane shimfiɗi kada ya wuce santimita 15. Danshinsa ya zama in ka dunƙula ƙasar ta riƙe siffa ba ta manne wa hannu ba. In akwai motar daddaɓe ƙasa, madalla. In babu, tarakta mai jan tirela cike da ƙasa, ko garken shanu ana kai da kawowa da su, ko gayya da madaɓai, duk suna yi matuƙar shimfiɗin siriri ne. Abin da ba ya yi shi ne katafila ta tura ƙasa ta tara tsibi cikin kwana uku, a shafe fuskarsa, a ce an gama. Irin wannan bangon cikinsa fanko ne, kuma yawanci cikar farko ce ke tona asirinsa. Ko manyan injiniyoyin Amurka sun ga haka a madatsar Teton a 1976, wadda ruwa ya huda ta ciki tun ba ta gama cikar farko ba.

Gangaren bangon ta ɓangaren ruwa ya zama mita uku a kwance ga kowace mita ɗaya ta tsayi, ta baya kuma biyu zuwa biyu da rabi. Faɗin kansa kada ya gaza mita uku. A ƙara kashi goma cikin ɗari a kan tsayin da ake so, musamman a tsakiya, domin ƙasa za ta zauna. Ƙasar ginin a ɗebo ta daga cikin tafkin, ta haka an ƙara zurfi, amma a bar tazarar mita goma ko fiye daga gindin bango, kuma kada a huda shimfiɗar yumɓun da ke hana ruwa nutsewa. In za a ratsa bututu ta cikin bango don ɗiban ruwa, a sa shi tun ana gini, a daddaɓe yumɓu da hannu kewaye da shi, domin gefen bututu hanya ce da ruwa ke so.

Yanzu mu zo kan makwararar rara, wato hanyar da ruwa zai bi in tafki ya cika. Da za a ce in zaɓi abu ɗaya da kuɗin aikin zai fi tafiya a kai, ita zan zaɓa. Bangon ƙasa ba ya jure ruwa ya bi ta kansa ko na sa'a ɗaya. Da ya fara haurawa sai ya ci bayan bangon, ya yi ɗan kwari, kwarin ya faɗaɗa, sauran kuma labari ne. Kusan kashi ɗaya cikin uku na madatsun da suka karye a duniya ta haka suka tafi. Bagauda ta Kano ta karye a Agustan 1988 bayan ruwa mai yawa. Ta Gusau ta ɓalle a ƙarshen Satumbar 2006, aka yi asarar rayuka. Ta Alau kuwa ambaliyarta ta mamaye Maiduguri a Satumbar 2024.

Makwarara ana yanka ta ne a cikin ƙasar asali a gefen bango, ba a kan ƙasar da aka zuba ba, kuma bakinta na ƙasa ya zubar da ruwa nesa da gindin bango. Faɗinta ya dogara da ambaliya mafi girma da ƙoramar ke kawowa, ba ta shekarar da aka saba ba. A nan tsofaffin gari sun fi kowane littafi amfani: su nuna inda ruwa ya taɓa kaiwa a shekarar da ba a mantawa, a duba inda yayi da kara suka maƙale a jikin itatuwa. Ga ma'auni: kowace mita ɗaya ta faɗin makwarara, in ruwa na bi da zurfin rabin mita, tana fitar da kimanin lita 600 a daƙiƙa. Fili mai murabba'in kilomita ɗaya kuwa, in aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, yana iya turo lita dubu goma ko fiye a daƙiƙa. Ke nan makwarara mai mita 20 ake magana, ba ɗan lambatun da za a tsallake da ƙafa ba. Tsakanin ƙasan makwarara da kan bango a bar aƙalla mita ɗaya, ɗaya da rabi ya fi. Wannan lissafi shi ne inda ya wajaba a nemi injiniyan ruwa, ko daga hukumar kogunan ko daga ma'aikatar ruwa ta jiha, ko da sauran aikin gayya ce za ta yi shi.

Akwai wata ɗabi'a da nake roƙon masu gari su hana da ƙarfi. Ƙarshen damina in ya matso, mutane kan ga ruwa na fita ta makwarara, ransu ya sosu, su jera buhunan yashi su toshe ta don a ƙara tara ko da taƙi biyu. Niyyar mai kyau ce, amma abin da suka cinye shi ne tazarar da ke tsakanin gari da ambaliya. Hadari ɗaya na Satumba ya isa. Haka masu kafa shingen kama kifi a bakinta, da masu shuka a cikinta.

Da an gama gini a lulluɓe bangon da ƙasar saman da aka ajiye, a dasa kiri-kiri, a jera duwatsu ta ɓangaren ruwa inda igiyar ruwa ke duka. Jema na da amfani a gefen makwarara da bakin ƙoramar da ke shigowa. Itace kuwa, ko dogon yaro ko bagaruwa, ba shi da wuri a jikin bango, domin saiwarsa in ta mutu ta ruɓe ta bar wa ruwa hanya. A tumɓuke shi tun yana ɗan tsiro. Wanda ya riga ya girma, ba sarewa kaɗai ba ce: da rani za a tono saiwar, a cike ramin shimfiɗi-shimfiɗi.

Ruwan tafki a buɗe ba ruwan sha ba ne, ko da ya kwanta ya yi garau. Tsargiya tana tare da dodon koɗin da ke son ruwa marar gudu, amai da gudawa na bin inda mutum da dabba ke shiga ruwa ɗaya, kurkunu ma da irin wannan ruwa ya addabi ƙauyuka kafin a tabbatar da kawar da shi daga Najeriya a 2013. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce a haƙa rijiya a ƙasan madatsa, da 'yar tazara daga gindin bango, a ɗaure ta a sa mata murfi da famfon hannu. Ruwan da ya ratso ƙasa ya riga ya tacu. Dabbobi a yi musu kwami a waje, a killace bangon da tafkin da ƙaya, saboda hanyar da shanu suka saba bi a kan bango ita ce kwarin da ruwa zai fara bi. Shingen kuma yana tsare yara, waɗanda ramin ɗibar ƙasa mai zurfi ke ruɗa.

Yashi shi ne ciwon da ke cin madatsa a hankali, kuma maganinsa a gonakin sama yake. Maƙwabtanmu na jihar Tawa a Nijar sun nuna abin da jerin duwatsu da ramukan tassa da rabin wata ke yi wa gangare, musamman a aikin kwarin Keita da aka fara a 1984. Duk abin da ya rage wa ruwa gudu a sama ya ƙara wa madatsa shekaru. Lakar da ta taru kuma, in tafki ya ƙafe, a kwashe ta a kai gona.

Saura tsaro na yau da kullum, wanda a ganina shi ne ke raba madatsar da ta shekara talatin da wadda ta shekara uku. Injiniya ba ya kwana a ƙauye, kuma da halin rashin tsaro da gabashin jihar ke ciki, zuwansa ma ba kullum ba ne. Don haka a naɗa mutum takamaimai, da sunansa, a gaban maigari, da mataimaki, a ware musu ɗan hasafi daga kuɗin da za a riƙa karɓa na shayar da dabbobi. Abin da aka ce na kowa ne, ba mai duba shi. Da rani ya zaga sau ɗaya a wata, da damina kowane mako, da kuma bayan duk wani babban ruwa ko da tsakar dare ne. A kafa sanda mai alamomi a cikin tafki don a san hawa da saukar ruwa.

Zai bi kan bango ya duba ko wani wuri ya lotsa. Zai duba tsaga: wadda ta bi tsawon bango gargaɗi ce, wadda ta ratsa shi daga ɓangaren ruwa zuwa baya ta fi haɗari nesa ba kusa ba. Zai nemi ramin gafiya da na guza da shurin gara, a tone a cike. Sannan ya sauka bayan bango, inda ainihin labarin yake. Ɗan danshi a gindin madatsar ƙasa ba abin tsoro ba ne, kusan kowace tana yi. Abin lura shi ne launin ruwan da yawansa. A tara shi a farar kwalba a ɗaga. In garau yake kuma bai ƙaru ba daga mako zuwa mako, a ci gaba da sa ido. In ya yi jaja-jaja ko ya bar laka a gindin kwalba, ko yana ɓuɓɓugowa yana tara ɗan tsibin yashi, to cikin bangon ne ke fita, kuma abin na iya ƙarewa cikin sa'o'i.

A irin wannan hali kada a cusa yumɓu a bakin ramin ta baya, domin ruwan zai nemi wata kafa da ƙarin ƙarfi. A zuba yashi mai tsabta a kai, a bi da tsakuwa, a danne da duwatsu, yadda ruwa zai fita ƙasa ta tsaya. A buɗe bututu in akwai, a share makwarara, in ta kama a ƙara mata faɗi ta ɓangaren da ke nesa da bango. Kada kowa ya yanka bangon da sunan rage ruwa. Kafin duk wannan ma, a fara tayar da mutanen da ke ƙasa. Tun da rani ya kamata a zauna da su a yanke tudun da za a nufa, hanyar da ba ta ratsa ƙorama, wa zai ɗauki tsofaffi da marasa lafiya, da kuma alamar da za a ji: lasifikar masallaci, ko gangar sanƙira, ko duka biyun. Lambar wayar ofishin agajin gaggawa na jiha da ta ƙaramar hukuma su kasance a hannun mai tsaro da maigari da liman, kuma ƙauyen da ke ƙasa ya san da wannan shiri ko da ba ya cikin masu shan ruwan.